Malama Sai-me Ta Bar Mu a Ɗakin Ajiya

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ranar Laraba, tara ga watan Maris, ina tsaye gaban allo mijinki ya kira ni ya ce kin cika da hantsi. Na ajiye alli na zauna, yara suka zuba mini ido.

Yaya, bango ɗaya ne ya raba ajina da naki tun da na fara koyarwa, don haka kusan duk darasinki a kunnena aka yi shi. Ba kya bari yaro ya ruga da karatu kamar wanda aka koro. Sai ki nuna musu kan labari da hoton da ke gefe, ki rufe sauran shafin da tafin hannu, ki tambaye su abin da suke zaton zai faru. Ana tsakiyar labari ki tsaya cak, ki ce, "To, sai me?" Nan suka samo sunan da suke kiranki da shi a ɓoye, kin kuma sani, har amsawa kike yi.

Zato kawai ba ya isarki. Duk wanda ya faɗi nasa sai ya nuna miki layin da ya sa shi faɗin haka. In labari ya ƙaryata shi, ba duka ba tsawa, sai ku koma baya tare ku nemo inda ya zame. Ina tuna ranar da wani ja'iri ya ce shi dai yana zaton yanzu za a kaɗa ƙararrawa. Kika nemi hujjarsa, ya nuna inuwa ta kai bakin ƙofa. Dariyarki har ajina. Akwai kuma 'yar tela, mai i'ina, wadda malamai suka gama yanke wa ƙauna. A ajinki ta fara ɗaga hannu, don ta gane ko ta kuskure ba wanda zai yi mata ihu. Yau ita ke karanta wa mahaifinta takardar magani.

Sai aka kawo mana sabon shugaba. Ya tsaya ta tagar ajinki sau ɗaya, bai ko shiga ba. A taron malamai ya ce kin mai da aji kasuwa, kina koya wa 'ya'yan mutane duba maimakon karatu. Wasu suka yi dariya don ya gani. Kika roƙe shi ya zo ya zauna darasi guda, ya ce ba shi da lokaci. Da sabon zango ya karɓe ajin, ya tura ki ɗakin ajiya, cikin karyayyun kujeru da buhunan alli, alhali duk makarantar an san kina da asma.

Ko a can yara ba su bar ki ba. Lokacin hutun tara sukan cika bakin ƙofar da littattafansu, kina tari kina tambayarsu. Shi ma wannan aka hana. Ranar da na same ki zaune ke kaɗai, abin da kika ce mini kawai shi ne, "Ƙanwata, ki riƙa tsayawa kina tambayarsu, ko da murya ƙasa-ƙasa ne."

Ba zan ce ƙura ce ta kashe ki ba, ajali na Allah ne. Amma wulaƙancin da kika sha mutane ne suka yi shi, da hannunsu, da rana tsaka. A wurin zaman makoki shugaban ya miƙe ya ce makaranta ta yi rashin ginshiƙi, masu dariyar nan suna gyaɗa kai. Mahaifiyarki ta yi masa godiya, don ba ki taɓa gaya mata komai ba. Na tashi na fita.

Allah ya jiƙan ki, Yaya, ya yafe miki, ya yalwata makwancinki, ya sa kowane yaron da kika buɗe wa baki ya zama haske gare ki. Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki, da Inna mahaifiyarki, da 'ya'yanki, da ɗalibanki da har yanzu suke leƙa ɗakin ajiya. Allah ya ba mu haƙuri. Hakkinki kuwa, na bar wa Wanda ba ya mantuwa.