Baƙon da Yaya Sanusi Ya Karrama

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Injiniya Sanusi. Amma duk lokacin da ranar ta zagayo, ba asibiti nake tunawa ba. Wata Asabar ce ta watan Oktoba, da hantsi, a ɗan kurmin da ke bakin rafi kusa da gidansa a unguwar Small Heath da ke Birmingham. Akwai shi, da ni, da 'yan ƙungiyar sa-kai da ke kula da wurin, da Kolin, Baturen da hukuma ke biya don ya tsare kurmin. Muna jiran baƙo.

A shekarun nan ne gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu. An rufe ɗakunan karatu, an sallami ma'aikata, sai aka zo kan wuraren shaƙatawa. Hukumar da ke da kurmin ta ce za ta aiko jami'i ya duba ko har yanzu ana buƙatar ma'aikaci a can. Kolin ya roƙi Yaya, wanda shi ne shugaban ƙungiyar, a bar komai yadda yake: gadar katako da ta ruɓe, magudanar da ta toshe, tsofaffin katifun da ake jibgewa a bakin ƙofa. Ya ce abin da ido ya gani shi ake rubutawa.

Yaya ya saurare shi, ya kuma ƙi. A wurinsa baƙo baƙo ne, ba a tarbarsa da ƙazanta. Ya yi gayya kamar a ƙauye, ya kira mutanen masallaci da maƙwabtansa 'yan coci, ni ma ya taso ni daga Manchester. Aka kwashe katifu, aka yashe magudana, shi da kansa ya canza katakon gada. Matarsa ta soya waina. Da na ce masa ko Kolin na da gaskiya, sai ya ce, "Rakiya, so kike mutum ya zo ya ga tsiraicinmu? Idan ya ga ƙoƙarinmu, kunya za ta sa ya ƙara mana."

Jami'in ya zo, ya zaga, ya ci waina biyu, ya yaba. A bakin gada ya tambaya ko akwai abin da ya fi ƙarfin ƙungiyar. Yaya ya amsa yadda kowane mutumin Kano zai amsa wa baƙo: "Mun gode Allah, ba mu da wata matsala." Na dubi Kolin, na ga ya sunkuyar da kai.

Kafin hunturu ya fita aka sallami Kolin. Dalilin da aka bayar shi ne jama'ar unguwa sun nuna za su iya. Wata ƙungiya a can gefen gari, wadda ta kai jami'in tsakiyar ɓarnar wurinta ta yi masa kuka, ita aka bar wa ma'aikacinta.

Yaya bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, ni ma ban iya cewa ya yi ba. Ladabin da aka koya mana ya yi, a gaban mutanen da suka ɗauki ladabi a matsayin rahoto. Sai dai daga nan ya ɗora wa kansa aikin Kolin, bayan nasa na ofis, cikin ruwa da sanyi, har ciwon zuciya ya kwantar da shi.

Na je kurmin a makon jiya. Da Yaya zai dawo, zai ga ƙaya ta cinye hanyar rafi, zai ga 'yan sa-kai sun ragu zuwa dattawa kaɗan masu ciwon gwiwa. Na san ba zai yi ƙorafi ba, tsintsiya zai nema, kuma wannan ne ke ƙona mini rai. Itatuwan da ya dasa sun fi ni tsawo, yara na wasa a inuwarsu da Turancin Birmingham, ba su san sunansa ba.

Hukumar ta kafa sabon allo a ƙofar shiga. Akwai hoton Yaya yana murmushi da shebur a hannu, wanda jami'in ya ɗauka a ranar. A ƙarƙashinsa an rubuta cewa jama'ar unguwa ne ke kula da wannan wuri.