Goron da Ticha Bai Fasa Ba

A shekarar da sojoji suka yi juyin mulki har sau biyu, ina Inugu ina tsaron rumfar albasar kawuna a kasuwar Ogbete. Na ɗan taɓa boko a gida kafin a turo ni, shi ya sa wani malamin makaranta Inyamuri da ke bayan layinmu ya ɗauke ni abokin hira. Ticha muke ce masa. A Zariya ya tashi, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano.

Shi ya ara mini wani tsohon littafin labari na Amurka, bangonsa duk ya ci duniya. Labarin maƙwabta biyu ne a lokacin da ƙasarsu ta dare gida biyu suna yaƙar juna. Da ƙyar nake tauna Turancin, amma da na kai inda wani tsoho yake fita kullum yana gyara shingen gonar maƙwabcinsa, alhali maƙwabcin yana can cikin rundunar da ta kashe masa ɗa, sai na ji hawaye na zuba a kan buhun da nake zaune. Ban taɓa sanin takarda za ta iya sa ƙato kuka ba. Allah Ya taimake ni albasa nake sayarwa, kowa ya ɗauka ita ce.

Kawu bai yarda da littafin ba, bai yarda da mai shi ba. A lokacin jirgin ƙasa ya fara sauke 'yan'uwan su Ticha da suka gudo daga Arewa, wasu da raunuka, wasu ba ko takalmi. Masu sayen albasa suka daina taya mu ciniki, sai kallo. Ticha kuwa kullum da yamma sai ya leƙo zaure ya ce, "Aboki, ina ka kai?"

"Kai ne sakarai," in ji Kawu bayan ya tafi. "Ba shafi yake tambaya ba, kawunanmu yake ƙirgawa."

Na yi gardama a baki, amma maganar ta zauna mini. Daga ranar, in ya shigo sai in bi idonsa in ga inda yake kallo. Har littafin na zazzage ko akwai wani abu a ciki, babu komai sai ƙamshin kafur.

Rannan ya zo ba fara'a, ko zama bai yi ba. Ya ce, "Alhaji, kada ku jira jirgi. Surukina zai tafi Makurɗi ɗauko doya jibi da safe, motar babu kaya. Ku shiga."

Kawu ya yi godiya, ya raka shi ƙofa, ya dawo ya ce biri ya yi kama da mutum. Wa ya taɓa jin kura ta yi wa akuya rakiya? Matarsa ce ta kawo shawara. Ta ce ai mutanen nan ba sa cutar wanda suka fasa goro da shi, kowa ya san wannan. A kai masa goro, in ya fasa ya ci, a shiga motar.

Kawu ya zaɓi farin goro babba, muka tafi tare. Tsakar gidan Ticha cike da baƙin da suka gudo, ba wanda ya amsa mana gaisuwa. Shi ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya sa a aljihu. Muka tsaya, muka ƙara tsayawa, bai fasa ba. Na miƙa masa littafinsa, ya tura mini ya ce, "Tafi da shi, ka kawo mini in an zauna lafiya."

A hanya Kawu ya ce, "Ka gani da idonka." Na gani kuwa. Amma tsohon nan na cikin littafi mai gyaran shinge ya hana ni sakat. Na ce wa Kawu wanda yake shirin a yanka ka ba zai ba ka aron abin da yake so ba. Ya ce taurin kaina na uwata ne, in ɗauki matarsa mu tafi, shi zai sayar da ragowar albasa ya biyo jirgi.

Ko a cikin motar ban gama yarda ba. Duk sanda direba ya rage gudu sai in ce shi ke nan, nan ne wurin. Sai da na ga gadar Binuwai na saki hannun matar Kawu, ashe tun Inugu nake riƙe da shi.

Bayan yaƙi, wani Inyamuri mai sayar da kayan mota a Sabon Gari ya ji labarin, ya riƙe baki. Ya ce goronmu mai ɓari biyu ba shi suke fasawa don amana ba. Nasu daban ne, mai ɓari uku ko huɗu. Namu kyauta ce kawai, a karɓa a gode. Ticha bai ma san jarrabawa muke yi masa ba.

Na koma Inugu da littafin, na tarar da wasu mutane a gidansa, ba wanda ya san inda ya yi. Kawu kuwa, tun da muka iso gida mun yi ta zuwa tasha muna duba duk jirgin da ya iso, har jirage suka daina kawo kowa, ba mu gan shi ba.