Yaya Rabi da Ƙafar Kawu Adamu

A wannan watan ne yayata Rabi ke cika shekara takwas da rasuwa. Ta tafi tun ƙasar nan ba ta kama da wuta ba, kuma sau da yawa nakan rasa ko in taya ta murna ko in yi wa kanmu kuka. Ita ce babba a ɗakinmu, ni ne auta. Duk tsawon aikinta a Damazin ta yi shi, a sashen gashin ƙashi na wani asibiti. Tana duba waɗanda aka yanke wa ƙafa da yaran da shan inna ya taɓa, ta tantance ko jikinsu ya isa a yi masu ƙafar roba ko takalmin ƙarfe, da kuma irin wanda zai dace da su. Maƙeran ƙafafun suna wani ɗaki daban, amma ba sa taɓa komai sai ta ce lokaci ya yi.

Idan ta zo gida Mai Wurno da Salla, zaurenmu yakan koma kamar mustashfa, wato asibiti. Abin da ke ba ni haushi a lokacin shi ne yawan tambayarta. Mutum ya zo da dungu a fili, ita kuwa sai ta fara da ina yake noma, a bakin ruwa ne ko a tudu, yaya yake zaman salla, yana iya tsugunawa, wa ke taimakonsa a gida. Sai bayan nan ta wanke hannu ta taɓa dungun, ta duba launinsa da zafinsa da tabon ɗinki, ta ce ya lanƙwasa, ya miƙe, ya tura hannunta da iya ƙarfinsa. Ƙafar da ta rage ma sai ta duba ta, domin ita za ta ɗauki nauyin biyu.

Wanda ya fi shan wahalar wannan hali nata shi ne Kawu Adamu, ƙanen mahaifiyarmu. Tarakta ce ta kife da shi a manyan gonakin da ke wajen Damazin, aka yanke masa ƙafar hagu a ƙasan gwiwa. Ya dawo gida ya kwanta a kan angarib, gadon nan na igiya, wata da watanni, da matashi a ƙarƙashin gwiwar saboda ya fi jin daɗin haka. Da ta zo, ya riga ya gama shirinsa: a auna shi, a yi masa ƙafa kafin ruwa ya sauka. Ta ce ya miƙe gwiwar, gwiwa ta ƙi. Ta danna dungun da yatsa, wurin ya lotsa ya daɗe bai ciko ba.

"Ba yanzu ba, Kawu," in ji ta. "In aka yi maka ƙafa bisa wanga kumburi, ciwo za ta buɗe maka, a sake yanka daga sama."

"Ke da na ɗauka bisa wuyana, ke za ki hana ni tahiya gona?"

"Ni ce, Kawu. Ka yi haƙuri."

Har ta koma bai ƙara yi mata magana ba. Da yake ni ne kusa da gidansa, ni ta koya wa naɗin bandeji: a gicciye, da ɗan ƙarfi a ƙasa, ana sassautawa idan ana hawa. Ta ɗauke matashin, ta ce ya riƙa kwanciya rubda ciki safe da yamma. Daminar nan ta wuce shi, ya kuma yi ta faɗa mini ita a fuska kullum na zo naɗi. Bayan kaka aka yi masa ƙafar. Ya yi noma da ita, ya je masallaci da ita, da ita ya raka gawar Yaya Rabi maƙabarta. Bara ya rasu, ƙafar ta zauna jingine a ɗakina don babu wanda ya san abin da za a yi da ita.

Kowa ya san abin da ya same mu a shekarun nan, ba sai na faɗa ba. Mutanen ƙauyukan Jazira da yaƙi ya koro sun kwararo mana, har makarantar da na koyar a cikinta ta zama wurin kwanansu. A cikinsu akwai Haruna, Bahaushe ɗan'uwanmu, manomi. Da abubuwa suka ɗan lafa ya koma duba hawasharsa, wato gonar da yake nomawa a gefen magudanar ruwa, ya taka wani abu da mayaƙa suka bari a cikin ciyawa. Aka yanke masa ƙafar hagu a ƙasan gwiwa, daidai inda aka yanke ta Kawu. Wani ya ba shi labarin abin da ke ɗakina. Wata rana da hantsi sai ga shi a ƙofar gida a kan sanduna, matarsa Zainab tana biye.

Ni malamin Larabci ne, ban taɓa karanta aikin asibiti ba. Abin da na sani duk na kallo ne. Amma na tuna wata magana da Yaya ta sha faɗa, cewa ƙarfen ƙafa da tafinta ana iya gadonsu, kofin da dungu ke shiga kuwa na mutum ɗaya ne, a jikinsa ake ɗaukar siffarsa. Na roƙi Haruna ya kwance tsumman. Na duba dungun. Gefe ɗaya na ɗinkin yana tsattsafo da ruwa, gwiwar kuma ta fara ƙanƙamewa. Na ce masa ba zan ba shi ƙafar ba tukuna.

"Ustaz," ya ce, "ƙafa tana jingine cikin ɗaka, ni ina jan jiki da sanda, ɗiyana suna cin abin sadaka. Wa take jira?"

Na yi masa alkawarin ƙarfen da tafin nasa ne duk ranar da aka sami mai aunawa. Na nuna wa Zainab naɗin da kwanciyar rubda ciki. Ya tashi ya tafi ba sallama.

Tun daga ranar tsoro ya zauna mini. Idan na koyar da naɗin ba daidai ba ya tsare jini fa? Idan jan nan da na gani a fata ruɓa ce ta ciki? Babu wanda zan tambaya, hanya ba ta biyuwa, waya sai an yi sa'a. Nakan je makarantar in tsaya daga nesa ina kallon fuskarsa, ko zan ga alamar zazzaɓi. A nan na fahimci abin da Yaya ta ɗauka a ranta shekara da shekaru ba ta taɓa faɗa mana ba. Duk wanda ta ce wa ya jira, nauyinsa yana wuyanta har sai ta gan shi a tsaye.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. A zamaninta masu dungu kaɗan ne, ta san su da sunayensu, yawancinsu ciwon sukari ne ko hatsarin gona. Yanzu akwai matasa, akwai mata, akwai yara. Ina jin labarin masu sa ƙafar mamaci su cusa tsumma don ta zauna, da masu zuwa wurin kafinta ya sassaƙa masu ta itace. Ba na zargin kowa, yunwa ba ta barin mutum ya zauna. Amma na san abin da ke biyo baya, kuma asibitin da zai tare shi ba ya nan yadda yake. Ga damina tana tafe, mutane za su shiga gonakin da babu wanda ya share su daga abubuwan fashewa, yara kuma suna tsintar duk ƙarfen da suka gani. Ina jin da tana nan ba za ta yi dogon jawabi ba. Za ta wanke hannu ta ce a shigo da na farko. Sai dai ban san ko zuciyarta za ta ɗauki tsawon layin ba.

Da hanya ta samu, muka ji ana karɓar mutane a asibitin Damazin, na ɗauki ƙafar Kawu a buhu muka shiga hafila, motar haya, ni da Haruna da Zainab. Wadda ta duba shi matashiya ce, ba ta san Yaya ba. Ta yaba da gwiwar, ta miƙe sarai, ciwon ya rufe, kumburi ya sauka. Har na fara sakin numfashi. Sai ta danna ƙarshen dungun da babban yatsa, Haruna ya zabura kamar an soka masa allura. Ta ce bakin ƙashin yana da kaifi, fatar da ke kansa kuma siririya ce, duk ƙafar da ya sa sai ƙashin ya huda ta. Dole likitan fiɗa ya sake buɗewa ya goge shi kafin a yi maganar awo. Wannan ban gan shi ba, ban ma san ana dubawa ba.

Da za mu fita ta tsayar da ni, ta ce ta lura da yadda nake taka ƙasa, ko ina da sukari. Na ce ina da shi. Ta sa na cire takalmi na rufe ido. Da na buɗe ta ce ta taɓa babban yatsana har ta gaji, ni kuwa ban ji komai ba. Muka dawo da ƙafar Kawu a buhunta.

Haruna yana jiran fiɗa har yau. Likitan ba kullum yake nan ba, idan yana nan kuma waɗanda ke zubar da jini ake fara gani. Tsorona shi ne haƙurinsa ya ƙare kafin layi ya zo kansa, ya sami wata ƙafar a wani wuri ya sa. Ina kuma tsoron tawa ƙafar, nakan duba ta kowace safiya kamar baƙuwa.

Yaya Rabi ba ta bar ɗa ba, ba ta bar gida ba, sunanta ma ba ya jikin bangon inda ta yi aiki. Amma shekaranjiya na shiga makarantar na tarar da Zainab durƙushe gaban wata tsohuwa da aka yanke wa ƙafa, tana naɗa mata bandeji a gicciye, tana janye matashin da aka sa mata a ƙarƙashin gwiwa. Tsohuwar tana faɗa, Zainab tana ba ta haƙuri ba tare da ta mayar da matashin ba. Da ta gama ta tambaye ni sunan matar da ta koya mini, domin ta riƙa sa ta a addu'a. Na faɗa mata. Ta maimaita shi a hankali don kada ta manta, sannan ta ɗauki ruwa ta wanke hannu, akwai wani yana jira a ɗakin gaba.

Allah Ya haskaka kabarinki, Yaya, Ya kuma tsare ƙafafun da suka rage mana.