Katakon Jirgin Yaya Sale

Bana shekara ashirin da uku ke nan da rasuwar yayana, Yaya Sale, jirginsa kuma yana nan inda ya bar shi, a kife kan tubala a gindin tsamiyar ƙofar gidanmu, a wani ƙauye na ƙasar Miga da ke bakin kogi. Kaji ne ke shan inuwa a ƙarƙashinsa. Duk sanda na je gida daga Dutse sai in bi ta gefensa, in ƙwanƙwasa shi da yatsa, in shige. Mutane suna zaton tuna mamacin nake yi. Ni kaina ban san abin da nake yi ba.

Jirgin ba irin kwalekwalen itace ba ne da muka taso muka gani. Na faiba ne, abin nan mai kama da roba mai tauri, fari da shuɗin baki. Ya shigo yankinmu ba da jimawa da ƙirƙiro jiharmu ba, ya yi ta sauya hannu har ya faɗo wa Yaya. Da shi yake su, da shi kuma yake fitar da mutane zuwa tudu idan ruwa ya kewaye gari da damina. Yadda yake ji da jirgin nan, matarsa Yaya Hansai takan ce da ma ita aka yi da faiba.

"Faiba ba ta ruɓewa." Wannan ce maganarsa ga duk wanda ya tsaya saurare, har da wanda bai tsaya ba. Masu kwalekwalen itace na maƙwabtan garuruwa suna fama da tsumma da kwalta suna toshe ɓula, shi yana zaune yana musu dariya. Saboda wannan imanin nasa bai taɓa damuwa da kwashe ruwan da ya kwanta a ciki ba, sai rana ta shanye abinta.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a na zo hutu, muna tsaye, ya taka bayan jirgin sai wurin ya lotsa kamar burodi. Ya ɗauko wuƙa ya tsaga. Abin da ya fito baƙin katako ne jiƙe sharkaf, yana marmashewa a hannu kamar dusa. Ashe faibar riga ce kawai. Bangon baya da gefuna da wuraren zama duk katako ne aka lulluɓe, ruwa ya daɗe yana shiga ta ramukan ƙusa yana cinsa a ɓoye. Yaya ya jima yana kallo, sannan ya ce wa jirgin, "Ashe ke ma da naki a ciki."

Ranin nan gaba ɗaya a kan jirgin ya ƙare. Ya kankare ruɓaɓɓen, ya sayo wani gam mai wari daga Kano, da ƙyallen faiba da ke sa ƙaiƙayi har cikin ido. Ya aiko mini Dutse in samo masa katakon maɗaci, don gara ba ta kusantarsa saboda ɗaci. Na ɗora a saman mota na kawo. Ya auna, ya fere, ya rubuta wa kowanne wurinsa da gawayi: gaba, tsakiya, baya. Lokacin ana ta maganar raba maza da mata a motocin haya, sai ya ƙara benci ɗaya ya rubuta masa "mata". Ya ce kada a ce jirgin Sale bai karɓi shari'a ba. Yaya Hansai ta ce, "To ka sa mana shi a gaba, mu riƙa ganin inda za ka kifar da mu."

Burinsa ɗaya ne, jirgi ya koma ruwa kafin kogi ya cika, don babu wani jirgi a garin sai shi. Gam ya ƙare, ana jiran wani ya iso, ruwa ya riga shi isowa. Gari ya zama tsibiri. A cikin wannan hali amai da gudawa suka kama Yaya, ga jirgi a kife a ƙofar gida ba katako a jikinsa. Kafin kwalekwalen maƙwabtan gari ya zo ɗaukarsa, Yaya ya cika. A wannan kwalekwalen aka shigo da ni.

Makabartarmu a kan ɗan tudu take, an samu inda aka haƙa. Abin da aka rasa shi ne itacen da ake jerawa a bakin kabari kafin a mayar da ƙasa, don itatuwan duk suna cikin ruwa. Liman ya tambaya a ƙofar gida. Na ga idanu suna komawa zaure, inda Yaya ya rataye katakansa don kada danshi ya taɓa su. Ba wanda ya iya faɗa, sai na je na sauko da su. Sun yi tsawo, na ɗauki zartonsa na yayyanka su guntu-guntu. Har yau ana yabon taurin imanina a ranar nan. Gaskiyar magana, abin da ke raina kawai shi ne kada yankan ya karkace. Guntun da aka rubuta wa "mata" ya faɗo daidai ƙirjinsa, har na raya cewa da ya gani da ya yi dariya. Ban yi hawaye ba ran nan, ban kuma yi ba bayan nan.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da zai leƙo yau. Kachalla, doguwar ciyawar nan, ta shaƙe rabin kogin da ya sani, kifi ya ja baya. An ɗaga hanyar burji, babura na shiga har ƙofar masallaci, amma idan damina ta yi nauyi ruwa yakan haye ta, mu koma jiya. Ina jin inda zartonsa yake kawai zai tambaya.

Idan na auna abin da ya rage nasa, sai in ga abin da ya yi ta yabo shi ne ya rage. Faibar tana nan, ba ta ruɓe ba, ba ta kuma tsinana wa kowa komai ba tun da aka raba ta da katako. Akwai kuma matan da har yanzu suke nuna 'ya'yansu, manyan magidanta, su ce Sale ne ya fitar da su ranar naƙudar wannan. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Ɗansa Habu, wanda yanzu shi ma mai iyali ne, ya tare ni a gindin tsamiya da sallar da ta wuce. Ya ce, "Baffa, faibar nan fa lafiyarta ƙalau. Katako kawai take so." Na ce to, kamar yadda nake ce wa komai to.

Makon jiya na shiga 'yan katako a Dutse na zaɓi katakan maɗaci. Mai shagon ya dubi tsawonsu, ya dubi motar da na zo da ita, ya jawo zarto ya ɗora a kan na farko. Ƙanshin ya tashi, na ji ɗacin har a harshena, na zauna a kan tulin katako.

"Baba, a yayyanka maka su don su shiga mota?"

Na ɗaga hannu na tsayar da shi.

"Kada ka yanka. A bar su da tsawonsu."