Na Wucin Gadi

Shekara ashirin da shida Baba Na'ura ya yi a ɗakin kwamfutoci na sashen kimiyya, ɗaki mai taga ɗaya da fanka mai ƙugi. Ba malami ba ne, ma'aikacin na'urori ne, amma ko Farfesa shugaban sashe in allonsa ya ƙi motsi sai ya taka da ƙafarsa ya ce, "Baba, a taimaka." Mutum ne mai son girma. Ka yabe shi ya kwance maka kwamfuta ya ɗaura, ka ce ya yi kuskure ya yi mako bai amsa gaisuwarka ba.

Shi ya ɗora wa sashen babbar manhajar nan mai kwaikwayon abin da ke faruwa in ƙwayoyin nutiron suka bugi ƙwayar zarra. Manhajar ba ta aiki sai an haɗa ta da wani kundin alƙaluma da masana suka auna, kuma kundin iri biyu ne: tsoho mai kura-kurai, da sabo da aka gyara. Ranar da ya ɗora ta, sabon ya ƙi karantuwa ƙememe, ga baƙi na tafe, ga Farfesa tsaye a kansa yana duban agogo. Sai ya nuna wa manhajar tsohon, ta tashi, aka tafa masa. Ya yagi takarda ya rubuta "tsohon kundi, na wucin gadi", ya tura ƙarƙashin allon madannai, da niyyar gobe ya gyara. Goben nan ta yi shekara bakwai.

Sai ga wata ɗaliba mai neman digiri na uku, ana ce mata Jan Biro, don ko takardar gayyata ka ba ta sai ta gyara maka waƙafi. Aikinta shi ne ta nuna lissafin manhaja ya dace da abin da ta auna a ɗakin gwaji. Ina! Kullum sai a sami giɓi, kaso huɗu cikin ɗari. Ta sake awo, ta sake lissafi, giɓin na nan daram.

"Baba, anya kaina ɗaya kuwa?" takan ce.

"Haba ƴata, ki dai ƙara dubawa."

Wata safiya yana kakkaɓe ƙura ya ɗaga allon madannai, takardar ta faɗo, ta yi ja don tsufa. Yana karantawa ya gane tushen giɓin Jan Biro. A lokacin saura mata wata uku kwamitin duba aikinta ya yanke ko ta ci gaba ko ta tattara. Gyaran bai fi na rabin sa'a ba. Amma in ya gyara dole ya faɗi dalili, kuma ɗalibai huɗu sun riga sun gama da tsohon kundin, Farfesa ya buga maƙala biyu a kansa. Ya hango kansa tsaye a taron sashe ana kallonsa. Wallahi abin da ya hana shi ke nan, ba wani abu ba. Ya ninke takardar ya sa aljihu.

An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. To wannan karon wata daban ya doka. Kwamiti ya ce aikin bai nuna ba. Ta zo ta yi masa sallama da kwalin takardunta a hannu, har da cewa, "Baba, a duk ginin nan kai kaɗai ba ka gaji da ni ba."

Mako biyu da tafiyarta ya haɗa sabon kundin a asirce, ya saka fayil ɗinta. Lissafi ya zauna kan awo cif, kamar murfi da tukunya. Ya buga shafin, ya sa a jakarsa. Matarsa ta sha tambaya, "Malam, wace takarda ce wannan da ba a taɓa maka?" Sai ya ce ta aiki ce.

Sai da ya yi ritaya, babu sauran girman da zai kare, ya neme ta. Ya same ta a wata sakandare tana koyar da lissafi, a ɗakin malamai, gaban tulin littattafan ɗalibai. Ta miƙe da murna ta ba shi kujerarta. Ya ajiye mata takardun biyu, shafin da ƴar tsohuwar, ya faɗi komai, idonsa a ƙasa.

Ta daɗe tana kallon shafin. Ta bi layin da yatsa har ƙarshe, ta dawo ta sake bi.

"Yaushe ka buga wannan?"

"Kwanan watan na ƙasa," ya ce.

Ta duba. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi masa sauƙi.

"Baba, shekara tara ina ce wa kaina daƙiƙiya. Ƴata ta ce tana son kimiyya, na ce mata mu ba mu da kan."

Aka kaɗa ƙararrawa. Ta ɗauki alli da jan bironta, ta ninke shafin ta sa a jaka. Ƴar takardar kuwa ta tura masa gabansa.

"Wannan taka ce," ta ce, ta tafi aji.