Karyayyen Yatsan Baba Ya Kai Kumasi

Yau shekara tara ke nan da rasuwar mahaifina, Ɗanjuma mai goge. Da gangan na rubuta "mai goge", domin a sanarwar rasuwarsa yayana Alhaji Sabo ya sa an ce manomi ne. Ran da zan taho Guangzhou ta ƙasar Sin sarin wandunan jins ma sai da ya ja ni gefe. "Kada ka bari a san sana'ar Baba, ka zubar mana da mutunci." Na ce to, alhali gogen na cikin akwatina.

Akwai kiɗan rawar da Baba ya fi so. Ya ce kakansa ne ya ɗauko shi a bakin gulbi, daga yadda masu kwalekwale ke tuƙi. Mutanen Maraɗi gudu suke da shi kamar an biyo su, Kanawa kuwa su ja shi da yanga. Na Baba yana da giɓi: ƙaramin yatsansa ya karye tun yana saurayi, saboda haka in ya zo wata gaɓa sai ya tsallake, ya yi shiru na numfashi ɗaya.

Watan jiya a Xintang, inda muke sarin jins, na tarar da Alhaji Tanko, ɗan Kumasi mai tura mana kaya, yana ɗaure dila yana rera kiɗan. Da ya zo gaɓar nan sai ya yi shiru. Na tambaye shi dalili.

"Haka kakanni suka bar mana shi," in ji shi. "A kaset muka taso muna ji a zango. Nan 'yan rawa ke dire ƙafa."

Ga 'yan kasuwar Kano zaune, har da abokan Yaya. Na ce, "Alhaji, ba kakanni ba ne, yatsan babana ne, gogensa kuka ji a kaset ɗin. Ni ɗan mai goge ne."

Da Baba na raye dariya zai yi har da hawaye, sannan ya yi mini faɗa don na bar danshin garin nan ya sassauta fatar gogensa.

Yaya ya kira ni yana huci, labari ya kai gida. Ban ba shi haƙuri ba, kuma ba zan bayar ba. Da gogen nan aka ciyar da mu, da shi aka kai Yaya makaranta. An goge sana'ar Baba daga sanarwa, amma ga shi a Kumasi ana taka rawa har a wurin da yatsansa ya kasa.

Allah ya jiƙanka, Baba mai goge.