Gaisuwar da ta zo da kuɗin Yaya

Shekarar da na shiga jami'a a Damagaram, mushen da ke koyar da mu tattalin arziki ya zana mana dogon jadawali a allo, na kuɗin da ke shiga ƙasa da wanda ke fita. Ya nuna wani layi can ƙasa, ya ce nan ake rubuta abin da 'yan ƙasa mazauna waje ke aiko wa iyalansu, kuɗin da ke shigowa ba tare da an fitar da komai a madadinsa ba. Na kwafa yadda ya faɗa, amma hannuna ya ɗan tsaya. A gidanmu na Birni an fitar da wani abu. An fitar da Yaya, da ƙaramar jaka da takalmin roba, shekara uku kafin wannan rana.

Yaya magini ne a wani garin Larabawa bayan hamada. Kuɗinsa ba sa bi ta banki. Yakan kai wa wani mutum a can, mutumin ya kira wani Alhaji mai shagon atamfa a babbar kasuwa, Alhajin ya ba mu sefa. Tun rasuwar Baba ni ce mai karɓowa. Ina son tafiyar. Nakan bi lungunan yashi a hankali ina tunanin yadda kuɗi ke ƙetare hamada ba mota ba raƙumi, sai murya kawai.

Aikensa ba shi da rana. Wani lokaci ya zo sau biyu a wata, wani lokaci mu yi kwana hamsin shiru. Saƙon bakin da ke tafe da shi ne ba ya canzawa: a gaida mutanen gida, a saya wa Kaka goro. Yaya ɗan fari ne, Kaka ce ta raine shi a Tirmini. Inna ba ta kama sunansa, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban kowa. In ya kira wayata sai ta tashi ta shiga madafa, ko da yake na lura ba ta motsa tukunya har sai mun gama magana. Shi ma bai taɓa aiko mata da gaisuwa ita kaɗai ba. Tana cikin mutanen gida, kowa ya san haka, kuma ya ishe su.

Bayan babbar salla wayarsa ta daina shiga. Ban damu ba da farko, don ya saba ɓacewa in aiki ya kai su wajen gari. Sai ga kuɗi a farkon wata. Alhaji ya miƙo min, ya karanto saƙon daga littafinsa: a gaida Inna, a ce mata ɗanta yana kewarta ƙwarai. Ba a ambaci Kaka ba.

Na tambaye shi ko saƙon wani gida ya karanta min. Ya ce namu ne. A hanya na yi ta nema wa Yaya uzuri. Na ce ƙila nisa ya tausasa shi, ƙila ya zauna da mutanen da ke faɗin irin wannan a fili. Da na isar da gaisuwar Inna tana tankaɗe. Rariyar ta tsaya a hannunta, can ta ci gaba.

Wata na biyu kuɗin suka zo a rana ɗaya da na baya, da gaisuwa iri ɗaya. Na uku ma haka. Na fara kallon Alhaji da wani ido. Mutumin da ya saba tsokanata da cewa boko zai hana ni miji, yanzu kansa na cikin littafi har in tafi. Ran nan ya ƙara min da ɗankwali kyauta, kyautar ta tsorata ni fiye da shirunsa. Na zarge shi da ɓoye mana rasuwa. Na zargi Yaya da yin aure a can, matar ce ke tsara masa magana. A aji ina kallon allo, hankalina yana kan wayar da ba ta shiga.

Sai na yi abin da har yau nake jin nauyinsa. Na roƙi Alhaji ya sa a tambayi Yaya ko a sayar da ragon da ya bari a Tirmini. Yaya bai bar ko kaza a Tirmini ba. Bayan kwana biyu amsa ta zo: a sayar, a ba Inna kuɗin.

Na zauna a kan bencin shagon na jira masu ciniki suka watse.

"Baba Alhaji, babu rago," na ce. "Wa yake aiko mana da kuɗin nan?"

Ya daɗe yana gyara ninkin wata atamfa da ba ta buƙatar gyara.

"'Yata, ni ma na tambaya, aka ce in yi shiru. Bari ki ji daga bakinsu."

Ya kira wata lamba ya miƙo min wayar. Muryar wani mutum ce, ya ce shi ɗan Takieta ne, ɗaki ɗaya suke kwana da Yaya su shida. Ya ce wata safiya motoci suka zo wurin ginin aka kwashe marasa takardar zama, Yaya na ciki. Sun bi duk inda suka sani, ba su same shi ba. Wasu na cewa an kai su bakin iyaka an sauke. Tun ranar da suka haɗu a ɗakin suka yi alkawari, duk wanda abu ya samu sauran za su riƙe gidansa har a ji labarinsa. Gaisuwar kuwa shi ya tsara ta, irin wadda yake aika wa tasa uwar, don shi auta ne. Ya ba ni haƙuri a kan ragon. Na yi masa godiya.

Na dawo gida da la'asar ina ta shirya yadda zan fara. Na tarar da Inna a tsakar gida, na durƙusa na faɗa mata duka, ban rage ba. Ta saurara idonta a ƙasa. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da wani ƙullin tsumma ta ajiye a gabana. Kuɗin wata ukun ne, yadda na kawo su. Ashe duk wannan lokaci da cinikin man gyaɗarta muke ci.

"Mayar musu," ta ce. "Su ma suna da iyaye. In sun ƙi karɓa, su neme shi da su."

Ta sa na kira ƙanenta, Kawu, ta ce ya shirya ya tafi Agadas, inda ake sauke waɗanda aka maido. Washegari da safe na raka shi tasha da hoton Yaya guda ɗaya da muke da shi. Na rubuta lambar wayata a bayan hoton, na sake bin ta da alƙalami don kada ta goge. Daga nan na wuce kasuwa da ƙullin a hannuna.